Tsabtar Makewayi: Mu Kula da Tsakanin Karo



A birnin Yamai yanzu gidaje da yawa suna da makewayi mai karo, abin da maƙwabtanmu na Najeriya ke kira tayil. Karo yana da kyawun gani, yana da sauƙin wanki. Amma tsakanin kowane karo da ɗan'uwansa akwai siririn layi wanda magini ya cike da farin siminti. Wannan layi shi ne batunmu na yau, domin a nan ƙazanta take ɓuya.

Me ya sa layin yake yin baƙi?

Fuskar karo sumul take, ruwa ba ya shigarta. Siminti kuwa yana da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Yana tsotsar ruwan wanka, da kumfar sabulu, da dauɗar jiki, da fitsarin yara. In wurin bai bushe ba, sai funfuna ta tsiro, layin ya yi baƙi, wari ya tashi, ƙasa ta yi santsi. Santsin nan yana kayar da tsofaffi da mata masu ciki.

Akwai abin da ya fi wannan. Ƙwayoyin cutar zawo suna fitowa daga kashin mutum, kuma suna daɗewa a wuri mai danshi. Yaro mai rarrafe yana dafa ƙasa, ya kai hannu baki. Ba mu manta da shekara ta 2021 ba, lokacin da cutar kwalara, wato amai da zawo, ta kama fiye da mutum 5,000 a ƙasarmu, musamman a jihohin Maraɗi da Damagaram, har ta iso Yamai. Ruwan sha mai tsabta da wanke hannu da sabulu su ne babbar garkuwa. Tsabtar makewayi tana biye da su.

Kayan aiki suna cikin gida

Ba sai an sayi magani mai tsada ba. Abin da ake bukata shi ne sabulu ko garin Omo, da kanwa, da tsohon buroshin haƙori, da tsumma, da bokiti. Kanwa tamu ce, ana samun ta a Dallol Boso da ƙasar Manga, kuma babu kasuwar da ba a sayar da ita. Tana narkar da maiƙo, ba ta kuwa cin siminti.

Ga yadda ake yi. A daka kanwa ta yi laushi. A ɗebi cokali 3, a zuba ruwa kaɗan, a dama ta yi kauri kamar kunu. A shafa a kan layin, a bar ta minti 15. Sannan a goge da buroshi, layi bayan layi, daga sama zuwa ƙasa. A wanke da ruwan sabulu, a ɗauraye da ruwa mai kyau. Daga ƙarshe a share ruwan da tsintsiya zuwa magudana, a buɗe ƙofa da taga iska ta shiga. Bushewa rabin aikin ce, domin funfuna ba ta rayuwa a busasshen wuri. In ana yin haka sau ɗaya a mako, aikin ba ya taruwa.

Kada a kankare layin da wuƙa ko buroshin ƙarfe. Suna ƙwaƙule simintin, su bar rami.

Ruwan jabel: amfaninsa da haɗarinsa

Sabulu da kanwa suna fitar da dauɗa. Ruwan jabel shi ne mai kashe ƙwayoyin cuta da funfuna. Amma yana da ƙa'ida. Sai an wanke wurin da sabulu an ɗauraye tukuna, domin dauɗa tana rage masa ƙarfi. A auna jabel kofi 1, a zuba a ruwan sanyi kofi 9. A watsa a kan layukan, a jira minti 10, a ɗauraye. Haɗin da ya kwana ya rasa ƙarfinsa, saboda haka a haɗa na ranar kawai. In akwai mai zawo a gida, a yi wannan kullum har ya warke. In zawon ya yi yawa kuwa, a kai shi likita ba tare da jinkiri ba.

Yanzu ga gargaɗi, kuma ina roƙon kowa ya karanta wa wanda bai iya karatu ba. Kada a taɓa haɗa jabel da wani abu in ba ruwa ba. In ya haɗu da lemun tsami, ko binegar, ko asid ɗin da ake sayarwa don wankin makewayi, yana fitar da iska mai guba wadda ke ƙona ido da huhu. Ko fitsarin da ya kwanta a ƙasa, a kore shi da ruwa kafin a zuba jabel.

Na ga wannan da idona. Wata rana na je duba wani ajin yaƙi da jahilci, sai na tarar da wata ɗaliba tana tari, idanunta sun yi ja. Ta ce da safe ta zuba asid a makewayi, ta ƙara jabel a kai don wurin ya yi fari, kuma ƙofa a rufe. Da ƙyar ta fito. A ranar muka ajiye darasin lissafi, muka karanta rubutun da ke jikin kwalbar jabel tare. In irin wannan ya faru, a fito da mutum cikin iska nan da nan, a wanke masa ido da ruwa mai yawa. In numfashi ya yi masa wuya, a kai shi asibiti.

Kuma kada a zuba jabel a kwalbar lemo ko ta ruwan sha. A ajiye shi sama, inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Abu mai tsami yana cin siminti. Lemun tsami yana cire farin dattin da ke manne a fuskar karo, amma a ɗauraye da sauri, kada ya kwanta a layin. Asid kuwa yana sa wuri ya yi fari yau, gobe simintin ya zube.

In layi ya tsage

Hausawa suna cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka ruwa yake. Yana bin tsaga ya shiga ƙarƙashin karo, karon ya ɗaga, gindin bango ya jiƙe. In ginin ƙasa ne, danshin yana cin sa a hankali, damina ta zo ta ƙarasa. Shi ya sa ya kamata a yi gyara kafin watan Yuni.

Farin siminti yana samuwa a kasuwar Katako da wajen masu sayar da kayan gini, kuma kilo 1 yana gyara layuka masu yawa. A cire simintin da ya saki da ƙusa, a hankali. A share ƙurar, a jiƙa wurin. A kwaɓa farin siminti ya yi kauri, a danna shi cikin tsagar da guntun roba. A sa leda a hannu, domin siminti yana cin fata. Bayan rabin awa a goge fuskar karon da tsumma mai laima. A bar wurin kwana 2 ba a taka ba, ana yayyafa masa ruwa kaɗan safe da yamma, domin zafin Yamai yana busar da siminti kafin ya yi ƙarfi.

Wanda makewayinsa daɓen siminti ne, ba karo, shi ma wannan darasi nasa ne: kanwa da sabulu kowane mako, jabel shi kaɗai da ruwa, a toshe tsaga da wuri. Kuma aikin ba na mata kaɗai ba ne. Maigida ya sayo siminti ya yi gyara, samari su riƙe buroshi.

A aji na gaba, kowa ya zo ya faɗa wa malaminsa layi nawa ya tarar a tsage a gidansa, da ranar da zai gyara su. Allah ya ƙara mana lafiya.