Yadda Aka Rage Alamun Hanya a Ingila

Duk wanda ya taɓa tafiya a mota ya san allunan nan da a ke kafawa a gefen hanya. Wani allo ya kan nuna akwai kwana a gaba, wani ya nuna gada, wani kuwa ya faɗi sunan gari da yawan mil ɗin da ya rage. Waɗannan su a ke kira alamun hanya. Aikinsu hannunka-mai-sanda ne, su gaya wa direba abin da ke gabansa tun bai kai gare shi ba. To, tun da ya ke abu ne mai amfani haka, sai mutum ya zaci kome yawansa ba ya ɓaci. Amma ga shi a Ingila gwamnati da kanta ta umurci a bi hanyoyi a tumɓuke waɗansu. Dalilin wannan shi za mu bayyana a cikin wannan ɗan littafi.

Asalin alamun

A shekarar 1903 aka kafa dokar mota a Ingila, aka ba hukumomin garuruwa ikon kafa alamu a wuraren haɗari. Da motoci suka yawaita, gudunsu kuma ya ƙaru, sai aka ga alamun dā ba su karantuwa daga nesa, gama ƙanana ne, rubutu kuma ya yi musu yawa. Sabo da haka gwamnati ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Sir Walter Worboys, ya ba da shawararsa a 1963. Waɗansu gwanayen zane biyu, Jock Kinneir da Margaret Calvert, su suka tsara sababbin alamu, aka fara aiki da su ran 1 ga Janairu, 1965.

Tsarin nan mai sauƙi ne. Allo mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ne, watau ka yi hankali. Allo mai da'ira umurni ne: in bakinsa ja ne hani ya ke yi, in shuɗi ne ya na gaya maka abin da lalle za ka yi. Allo mai kusurwa huɗu kuwa labari ya ke bayarwa, kamar sunan gari ko hanyar asibiti. An yi haka ne don direba ya gane nufin allo da kallo ɗaya, tun bai karanta ko da harafi ba.

Yadda suka yawaita

Bisa ga lissafin Ma'aikatar Sufuri, a 1993 akwai alamu wajen 2,450,000 a hanyoyin Ingila. A 1 shekarar 2013 kuwa an ƙiyasta sun kai 4,570,000. Ka ga cikin shekara 20 saura kaɗan su ninka, alhali kuwa hanyoyin ƙasar ba su ninka ba.

Ba gwamnatin Landan ke kafa yawancin alamun nan ba. Ita doka ta ke yi, ta faɗi siffar kowane allo da inda ya halatta a sa shi. Hukumomin garuruwa da na gundumomi su ke kafawa, su ke biya. In haɗari ya auku a wata kwana, mutanen wurin su kan kai kuka, abin da ya fi sauƙi da araha kuwa shi ne a kafa sabon allo. Ma'aikacin hukuma kuma ya kan ji tsoron a ɗora masa laifi in ya rage wani abu, amma ba mai tuhumarsa in ya ƙara. Ban da wannan, doka da kanta ta kan tilasta a maimaita magana ɗaya, a rubuta ta a allo, a kuma shafa ta da fenti a bisa kwalta. Sa'an nan in an gama gyaran hanya, sau da yawa a kan manta da allon da aka kafa domin aikin, ya yi ta tsayuwa shekara da shekaru ya na ba da labarin abin da ya wuce. Mai kafawa na nan, mai cirewa babu.

Ɓarnar yawan alamu

Babbar ɓarna ita ce ta hankalin direba. Motar da ke gudun mil 60 a sa'a ta kan ci ƙafa 88 cikin sakan ɗaya. In direba ya ɗauke ido daga hanya sakan uku don ya karanta alluna, ya wuce ƙafa 264 ke nan bai dubi gabansa ba. To, in allo ɗaya ne a mararraba, ya kan gan shi, ya mai da idonsa kan hanya. In kuwa bakwai ne a sanda ɗaya, ko dai ya tsaya karatu ya bar tuƙi, ko ya ƙyale su duka. Wanda ya ƙyale ɗin kuwa ya yiwu shi ne mai cewa akwai makaranta a gaba.

Ka dubi misalin mai shela a kasuwa. In sau ɗaya ya ke fitowa a wata, da an ji muryarsa kowa ya kan bar ciniki ya kasa kunne. In kuwa masu shela goma ne, kullum su na ta ihu a kan abin da ya kai da wanda bai kai ba, ran da babbar magana ta zo ba mai ji. Haka alamar hanya ta ke, darajarta ita ce a kula da ita. Masu iya magana sun ce, in dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Ɓarna ta biyu ta kuɗi ce. Kowane allo sai an saye shi, an kafa, an riƙa wankewa, an sake shi in ya koɗe, waɗansu kuma sai an ja musu wutar lantarki don a gan su da dare. Duk daga harajin jama'a a ke biya. Ta uku, sandunan su kan tsaya a tsakiyar hanyar masu tafiya a ƙasa, su tare makaho da mai keken guragu. Ta huɗu, su kan ɓata kyan tsofaffin garuruwa da ƙauyuka, abin da mutanen Ingila ke ji da shi ƙwarai.

Abin da gwamnati ta yi

A watan Agusta na 2010 ministoci biyu, Eric Pickles mai kula da hukumomin garuruwa da Philip Hammond na sufuri, suka rubuta wa hukumomi takarda su na roƙo a kawar da tarkacen da ba shi da amfani a tituna. A Janairu na 2013, zamanin Patrick McLoughlin ya na ministan sufuri, aka buga wata takardar shawara mai nuna wa injiniyoyi yadda za su bi hanya, su ƙidaya alamunta, su rarrabe mai amfani da marar amfani. A lokacin an ba da labari cewa a Landan kaɗai an cire alluna 8,000 masu maimaita magana, da sanduna 4,000.

Amma roƙo bai isa ba, tun da ya ke doka ce ta tilasta kafa waɗansu. Sabo da haka aka sake dokar alamun hanya, sabuwar ta fara aiki ran 22 ga Afrilu, 2016. Ga kaɗan daga abin da ta kawo. Allon da ke cewa an sake tsarin hanya ba zai wuce wata 3 a tsaye ba, kuma a bayansa a kan rubuta ranar da za a cire shi, don kowa ya iya dubawa ya tuna wa hukuma. An bar wa hukumomi su duba da kansu yawan allunan da za su riƙa maimaita iyakar gudu. A waɗansu wurare, kamar wurin ajiye mota, an yarda a wadatu da allo kaɗai ko da fenti kaɗai. An kuma rage irin alamun da lalle sai an sa musu fitila. Gwamnati ta ƙiyasta wannan zai rage wa hukumomi kashe fam miliyan 30 kafin 2020.

Inda ragi ya ke tsayawa

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk abin da aka cire alheri ne. A ƙasar Holan an yi wani injiniya, Hans Monderman, wanda ya rasu a 2008. Shi ra'ayinsa, in an kawar da alamu da fitilu, direba zai ji ba shi da tabbas, sai ya rage gudu, ya dubi mutane. Ya gwada wannan a garin Drachten, sunansa ya bazu, har waɗansu garuruwan Ingila suka yi koyi da shi, suka daidaita hanyar mota da ta masu tafiya a ƙasa, ba dakali a tsakani. Sai makafi suka kai kuka. Suka ce da dakalin nan sandarsu da karnukan da ke yi musu jagora su ke gane iyakar hanyar mota, makaho kuwa ba shi da ikon haɗa ido da direba. A 2018 gwamnati ta nemi hukumomi su dakatar da sababbin ayyuka irin waɗannan a Ingila, kada garin neman gira a rasa ido.

To, ka ga gwamnati ba ta ce a tumɓuke alamu bisa ka ba. Abin da ta ɗora wa injiniya shi ne ya tsaya gaban kowane allo ya tambayi kansa: in babu wannan, wa zai cutu? In akwai mai cutuwa, allo ya tsaya, a wanke shi, a sare reshen da ya rufe shi. In babu, a cire shi, don ɗan'uwansa mai gargaɗin gada ko makaranta ya sami idon direba.