Kandagarkin Amya: Matsalar Sunaye Daga Dajin Arewa Zuwa Agege

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta dubi hanyoyin kare amya daga ƙwari da cututtuka, tare da kalmomin da Hausa ke buƙata domin bayyana su. An ɗauki Agege a Legas a matsayin misali. Ba a san Agege da kiwon zuma ba, amma tun da layin dogo ya isa Kano a 1911 Hausawa fatake ke sauka a wurin, kuma zuma na cikin hajar Arewa da ake sayarwa a unguwanninsu. Ra'ayin takardar shi ne, maƙiyan amya na yau hanyar fatauci suke bi, kuma abin da ba shi da suna a bakin ɗan kasuwa da wuya a iya gargaɗinsa a kai.

2.0 Abin da Bahaushe Ya Riga Ya Raɗa wa Suna

Bahaushe ya daɗe da sanin zuma. Yana da amya, wadda ake saƙawa da ciyawa a shafe da kashin shanu a ɗora a kan bishiya. Yana da saƙa, da kaki, da harbi. Ya san dage, mai fasa amya da dare, ya san gara da kwarkwasa da kiyashi. Duk waɗannan maƙiya ido na ganinsu, kuma daga dajin da amyar take suke fitowa, don haka maganinsu tsayin bishiya ne da toka da sa ido.

Akwai kuma wata kariya da ba a cika lura da ita ba. Mai ɗiban zuma na gargajiya yakan kwashe saƙar gaba ɗaya, ƙudan kuma ya ƙaura ko ya sake gini. Wannan ɓarna ce ta wata fuskar, amma tana yanke zaman cuta a tsohuwar saƙa. Amyar zamani kuwa, irin wadda Langstroth ya yi wa rajista a Amurka a 1852, an ƙera ta ne domin a mayar da saƙa bayan an tace, a kuma ɗauke ta daga wannan akwati zuwa wancan. Ribarta ke nan, kuma nan ne ƙofar cuta take.

3.0 Sababbin Maƙiya

Na farko wata 'yar halitta ce ja-ja, faɗinta bai kai milimita 2 ba, wadda aka raɗa wa Varroa destructor a shekarar 2000. Asalinta Asiya. Tana maƙale wa ƙudan zuma da tsutsarsa tana tsotsa, tana kuma yaɗa ƙwayoyin cuta. An gan ta a Afirka ta Kudu a 1997, a Kenya a 2009, sannan a 2012 aka buga rahoton samunta a kudu maso yammacin Nijeriya, wato yankin da Legas take. Muna ganin "kaskar zuma" ya dace da ita, domin duk wanda ya taɓa kiwon shanu zai gane siffar da aikin nan take.

Na biyu ɗan gida ne. Wani ɗan ƙwaro ne baƙi, Aethina tumida, wanda Murray ya fara bayyanawa a 1867 daga samfurin da aka kai masa daga Kalaba. Tsutsarsa na cin saƙa har zumar ta yi tsami ta tsiyaye, sannan ta shiga ƙasa ta rikiɗa. Ƙudan zumarmu ya saba da shi, yana iya tsare shi. Amma da ya isa Amurka a 1996, Ostireliya a 2002, Italiya a 2014, sai ya zama annoba. Ashe ba shigowa kaɗai cuta ke yi ba, har fita tana yi daga wajenmu. "Buzuzun amya" zai iya ɗaukarsa, kamar yadda "asun kaki" zai ɗauki malam-buɗe-littafin nan na dare da tsutsarsa ke cinye tsohuwar saƙa.

Na uku shi ya fi shafar Agege. Cuta ce da ke ruɓar da tsutsar zuma a cikin saƙa, ƙwayarta Paenibacillus larvae. Irin wannan ƙwaya yakan yi shekaru gommai da ransa a cikin zuma da kaki da katako, tafasa ta yau da kullum ba ta kashe shi, kuma ba ya cutar da mutum. Saboda haka zuma mai kyau a baki tana iya zama guba ga amya. Ta ɓulla a lardin Yammacin Kef na Afirka ta Kudu a 2009, kuma inda ta kama, ƙone amya ake yi. "Ruɓar tsutsa" ya wadatar.

Agege na maƙwabtaka da filin jirgin saman Ikeja, tashar Apapa ma ba nisa, zumar waje da ta Arewa suna haɗuwa a birni guda. Ƙudan zuma kuwa ba ya wuce buɗaɗɗiyar zuma. Jarkar da ba a wanke ba, ko matsattsiyar saƙar da aka watsar a bola, ko tsohon akwatin da aka saya aka loda a mota zuwa gida, kowanne na iya kai cuta inda ƙudan da kansa ba zai taɓa kaiwa ba. Matakan da ake buƙata ba su da tsada: a rufe mazubi, a wanke shi kafin ya koma, kada a ciyar da ƙuda da zumar da ba a san tushenta ba, a babbake kayan aiki da wuta, a ware sabuwar amya nesa da sauran har a ga lafiyarta.

4.0 Sunan Aikin Kansa

Fassarar kalma da kalma daga Ingilishi ita ke haifar da "tsaron halittu", wanda a kunnen Bahaushe ya fi kama da aikin gandun daji. "Rigakafi" ya karkata ga allura. "Killacewa" mataki ɗaya ne kawai daga cikin matakan. "Kandagarki" ya fi, domin yana nufin tare abu tun kafin ya iso.

Saura kalmar "zuma" ita kanta, wadda ke nufin ƙwaron da kuma ruwan. Idan sanarwa ta ce a hana safarar zuma, mai kiwo a Zariya zai fahimci ƙuda, mai kwalba a Agege zai fahimci hajarsa. A nan dole mai fassara ya bambanta "ƙudan zuma" da "ruwan zuma" a kowace jimla, ko da hakan ya tsawaita magana.