Filashi ya daina fitowa bayan sabunta kwamfuta? Kada a yi gaggawar yi masa fomat

A shagunan buga takardu da ke bakin jami'o'i da sakatariyoyi, abin ba baƙo ba ne. Kwamfuta ta kwana tana sabunta kanta, da safe a soka mata filashin da jiya-jiya ta buɗe, amma sunansa ya ƙi fitowa.

Ga ɗalibin da kundin bincikensa ke ciki, ko mai hoton da ya zuba hotunan bikin mutane, wannan babban tashin hankali ne. A cikin ruɗewar ce wasu ke tafka kuskuren da ya fi matsalar muni: su yi wa filashin fomat, su goge bayanan da lafiyarsu ƙalau.

Sau da yawa filashin ba shi da laifi. Kwamfutar ce ta daina yin wani ƙaramin aiki da ta saba yi da kanta.

Matakai uku kafin filashi ya buɗe

Da zarar an soka filashi, ko katin memori, ko babban ma'adanin waje, kwamfuta na bin matakai uku.

Na farko, ta gane cewa an jona mata wani abu, ta hanyar ƙaramar manhajar da ake kira direba. Na biyu, ta karanta tsarin da aka jera fayiloli a ciki, kamar FAT32 ko exFAT ko NTFS. Na uku, ta ba shi mazaunin da mai kwamfuta zai gan shi: a Windows harafi ne kamar E ko F, a Linux kuma folda ce.

Sabuntawa na iya taɓa kowane daga cikin ukun. Gyaran ya dogara ne ga gano inda aikin ya tsaya.

Su kansu kamfanonin sun san da matsalar. A 2019 Microsoft ya dakatar da sabuntawar Windows 10 ta watan Mayu a kan kwamfutocin da ke da filashi ko katin SD a jikinsu, saboda tana sauya wa ma'adanai haruffansu.

Batun ya ƙara shafar mutane tun ranar 14 ga Oktoban 2025, da kamfanin ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Wasu sun koma Windows 11, wasu masu tsofaffin kwamfutoci na hannu kuma sun koma Linux.

Gwajin farko

Kafin a taɓa komai, a sake kunna kwamfutar ta hanyar danna Restart. A Windows, Shut down ba ya wanke komai idan tsarin saurin kunnawa na aiki, amma Restart na tayar da ita daga tushe.

Daga nan a sauya kafar USB, a cire duk wata wayar ƙari, a soka filashin kai tsaye. Sannan a gwada shi a wata kwamfutar. Idan ya buɗe a can, a kwafe muhimman fayiloli nan take kafin a ci gaba da bincike.

Masu Windows

A danna maɓallin dama na linzami a kan alamar Start, a zaɓi Disk Management. Nan ne ake ganin duk ma'adanan da kwamfuta ta gane, har da waɗanda ba su fito a File Explorer ba.

Idan filashin ya fito da girmansa daidai amma babu harafi, matsalar a mataki na uku take. A danna dama a kansa, a zaɓi Change Drive Letter and Paths, sannan Add, a ba shi harafin da babu mai shi.

Idan kuma kullum sai an yi haka da hannu, wataƙila tsarin ba da harafi kai tsaye ne a kashe. A buɗe Command Prompt da izinin administrator, a rubuta diskpart, sai automount enable, sannan exit. A tsaya nan, domin diskpart na da wasu umarnin da ke share ma'adani baki ɗaya.

Idan filashin bai fito ko a Disk Management ba, a leƙa Device Manager, ƙarƙashin Universal Serial Bus controllers. A cire USB Mass Storage Device, a zare filashin a mayar, Windows zai sake ɗora direban.

Idan duk sun gaza, ana iya cire sabuntawar ta Update history a shafin Windows Update. Wanda ya yi babban sauyi, kamar daga Windows 10 zuwa 11, yana da kwana 10 na komawa baya. Kwamfutar ofis kuwa, a fara tambayar masu kula da ita, don wasu ma'aikatu da gangan suke toshe filashi.

Masu Linux

A Terminal, umarnin lsblk -f na nuna ko an gane filashin da kuma tsarinsa. Idan ya fito, misali da sunan sdb1, a gwada udisksctl mount -b /dev/sdb1, tare da tabbatar da sunan, don yakan bambanta. Ko dai ya buɗe, ko ya faɗi dalilin ƙinsa.

Idan ya buɗe ta wannan hanya, saitin ne ya sauya. Masu amfani da GNOME, kamar a Ubuntu da Fedora, za su iya mayar da shi da gsettings set org.gnome.desktop.media-handling automount true.

A Arch Linux, sabunta ƙwaryar manhajar da ake kira kanel na cire direbobin tsohon kanel ɗin da ke kan aiki. Filashi na iya ƙin fitowa har sai an sake kunna kwamfutar.

Akwai kuma batun NTFS. A 2021 aka shigar da sabon direba mai suna ntfs3 cikin kanel 5.15, wanda ke ƙin buɗe ma'adanin da aka yi wa alamar rashin rufewa daidai. Fizge ma'adani ana cikin aiki ko ɗaukewar wuta na barin wannan alama. Mafita mafi aminci ita ce a kai shi kwamfutar Windows, a gudanar da chkdsk E: /f, a sa harafinsa a madadin E.

Masu MacBook

Tun daga macOS Ventura na 2022, kwamfutocin tafi-da-gidanka na Apple masu ƙwaƙwalwar kamfanin, irin su M1 da M2, na neman izini kafin sabuwar na'urar USB ta yi aiki. Wanda ya ƙi ba da izini bisa kuskure sai ya zare ya mayar, ko ya duba Allow accessories to connect a sashen Privacy & Security.

Inda ya kamata a dakata

Idan Windows ya nuna RAW ko Unallocated, ko ya nemi a yi fomat kafin amfani, amsar ita ce Cancel. Wannan na nufin taswirar fayilolin ce ba ta karantuwa, amma su fayilolin suna iya kasancewa nan. Manhajojin kyauta irin su TestDisk da PhotoRec na iya ceto su, muddin ba a rubuta wani abu a kai ba.

Babban ma'adanin da ke ƙara ƙas-ƙas kuwa, a cire shi a kai wa ƙwararre. A gaya wa mai gyara tun farko cewa bayanan ake so, ba wai na'urar ta sake aiki kawai ba.

Rigakafin ba shi da tsada: a zare ma'adanan waje kafin babbar sabuntawa, a danna Eject kafin cirewa, kuma duk fayil ɗin da rasa shi zai hana barci a ajiye kwafinsa a wuri na biyu, ko da a imel ne.