Yara Za Su Iya Lissafin Annoba

A shekarar 1996 ciwon sanƙarau ya ratsa Arewacin Nijeriya, har da Jihar Katsina. Ya kama mutum fiye da 100,000, ya kashe fiye da 11,000. Yaya cuta take tashi daga gida ɗaya ta game gari? Amsar tana cikin lissafi, kuma ɗan makaranta ma zai iya gane ta.

Tun 1927 waɗansu masana biyu, Kermack da McKendrick, suka kasa jama'a kashi uku: waɗanda cuta ba ta kama ba tukuna, masu ciwo, da waɗanda suka warke. Yau ɗalibai sukan rubuta wa kwamfuta wannan tsari, su zuba ido su ga yadda mutane ke fita daga wani kashi suna shiga wani. In kowane mai ciwo ya shafa wa mutum 2, to ɗaya zai zama 2, ya zama 4, ya zama 8. A zagaye na goma sababbin kamu sun kai 1,024. Amma in an yi wa rabin garin allurar rigakafi, kowa mutum ɗaya kaɗai zai shafa wa, annoba ba za ta bunƙasa ba.

A jihar Fulorida ta Amurka, wani malami, Todd Brown, tare da Farfesa Pardis Sabeti ta Jami'ar Harvard, sun mai da wannan darasi wasa, suka sa masa suna Operation Outbreak. Da fari da 'yan takardun mannawa aka yi, daga baya ya koma wayar hannu. Waya ce ke "kamuwa" in ta kusanci wata.

Malaman Mawashi, Kankiya da Kusada, kada rashin kwamfuta ko lantarki ya karya muku gwiwa. Ku shafa wa yaro ɗaya alli a tafin hannu. Kowane mai alli ya gaisa da mutum biyu, a riƙa rubuta adadin a allo. Sa'an nan a sake, amma rabin ajin su sa hula, su ne masu rigakafi, alli ba ya kama su. Bari yaran su gwada lissafin biyu da kansu.

Ku gaya musu ƙyanda ta fi haka sauri. Yaro ɗaya yakan shafa wa 12 zuwa 18, shi ya sa ake so a yi wa 95 cikin 100 allura. Yaron da ya ƙirga wannan da hannunsa, shi zai tuna wa uwarsa ranar kai ƙanensa asibiti. Rigakafi ya fi magani.