SHIN MAGANIN GANYE YANA ƘARA ƘARFIN WASA?

Duk wanda ya shiga Kasuwar Muda Lawal a garin Bauchi zai tarar da kayan lambu jibge. A nan da sauran kasuwanninmu, samari 'yan ƙwallo da 'yan dambe da 'yan kokawa sukan nemi garin zogale ko haɗin saiwoyi, da nufin samun ƙarfi da juriya. Ya kamata jama'a su san abin da bincike ya tabbatar.

Zogale abinci ne mai kyau. Ganyensa yana da sinadaran da ke ƙara jini da ƙarfafa ƙashi. Amma yawancin gwajin da aka yi a kan ƙarin juriya, a jikin ɓeraye aka yi shi. Ba a tabbatar cewa yana ƙara wa mutum gudu ba.

Goro kuwa yana da kafin, sinadarin da ke cikin kofi, wanda aka tabbatar yana jinkirta gajiya. A 2004 aka cire kafin daga jerin abubuwan da aka haramta wa 'yan wasa. Sai dai yawansa yana hana barci, yana kawo bugun zuciya.

Alayyafo da latas suna da sinadarin naitiret. Jiki yakan juya shi zuwa abin da ke buɗe hanyoyin jini, sai tsoka ta yi aiki da ƙarancin iska. A 2018 Kwamitin Olamfik na Duniya ya lissafa kafin da naitiret cikin 'yan abubuwan da ke da hujja. Duk da haka amfaninsu kaɗan ne.

Babban haɗari yana cikin kwalabe da ƙwayoyi. Wani bincike da aka buga a 2004 daga birnin Kolon na Jamus ya auna irin waɗannan kaya 634, ya sami 94 ɗauke da sinadaran ƙara tsoka da ba a rubuta a jikinsu ba. Ɗan wasan da aka sami irin wannan a fitsarinsa yana iya fuskantar dakatarwa, ko da bai san ya sha ba.

Saboda haka ana jan hankalin jama'a:

1. Kada a sha haɗin da ba a san abin da ke cikinsa ba.
2. A duba lambar NAFDAC, amma a sani lambar ba shaidar ƙarin ƙarfi ba ce.
3. Mai hawan jini ya ga likita tukuna.
4. A ci wake, gyaɗa da ganye, a sha ruwa, a yi barci sosai.

Juriya daga horo na yau da kullum take fitowa. Ba a fafe gora ranar tafiya.