Juyin ƙwallon tanis: a raket yake ko a zare?

Ranar 8 ga Yunin 2025 Carlos Alcaraz ya kwashe awa biyar da minti 29 yana fafatawa da Jannik Sinner a wasan ƙarshe na Roland Garros, ya tsallake rijiya da baya har sau uku kafin ya ɗauki kofin. Tun daga nan wata tsohuwar gardama ta sake tashi a filayen tanis. Mutanen da suka shekara goma ko ashirin suna buga wasan sun koma cewa sirrin yana cikin raket ɗin da yaron yake riƙe da shi. Wai in ka sayi Babolat Pure Aero irin nasa, ƙwallonka za ta riƙa tashi sama ta faɗo gab da layi, ta yi tsalle har kafaɗar abokin karawa. Masu shagunan kayan wasa ba sa gyara wannan magana, domin ita ke kawo musu ciniki.

Abu na farko, raket ɗin da ake gani a talabijin sau da yawa ba shi ne ke rataye a shago ba. Manyan 'yan wasa da dama suna riƙe tsohuwar ƙirar da hannunsu ya saba da ita, kamfani ya shafa mata fentin sabon yayi. Ko waɗanda ke amfani da ƙira ɗaya da na kasuwa, ana manna musu dalma a gefen kan raket, a ƙara nauyi cikin mariƙi, har sai ya dace da hannun mutum ɗaya tak. Pete Sampras ya yi zamaninsa da Wilson Pro Staff mai faɗin kai inci murabba'i 85, wanda dalma ta kai nauyinsa kusan giram 400. Wanda ya sayi mai irin fentinsa a lokacin bai sayi abin da Sampras yake bugawa da shi ba.

Wannan mai sauƙi ne. Kuskuren da ya fi ci wa mutum rai, kuma ƙwararru ne suka fi faɗa masa, shi ne batun zare. Za ka ji mutum yana shafa saƙar raket da yatsa yana cewa wannan zaren yana da kaushi, zai kama ƙwallo ya murɗa ta. Har akwai masu ganin idan zare ya tsufa ya yi gautsi ya daina motsi, a lokacin ne ya fi cizon ƙwallo. Binciken da Rod Cross na Jami'ar Sydney da Crawford Lindsey suka yi da kyamarori masu ɗaukar hoto cikin tsananin sauri ya nuna akasin haka. Ƙwallo ba ta wuce kashi huɗu zuwa biyar cikin dubu na daƙiƙa a kan zare. A wannan ɗan lokacin takan lotsa ta nutse cikin saƙar, kuma kusan kowane irin zare yana kama ta. Bambancin yana ga abin da zaren tsaye, wato waɗanda suka miƙe daga wuyan raket zuwa samansa, suke yi bayan sun kama ta. Idan mai bugu ya shafo ƙwallon daga ƙasa zuwa sama, zaren tsaye sukan zame gefe a kan na kwance. In sun dawo mazauninsu da sauri tun ƙwallon ba ta tashi ba, sai su ƙara mata juyi. In suka maƙale a inda suka je, ƙarfin ya tafi a banza.

Duk wanda ya taɓa harbin tsuntsu da danƙo ya san wannan. Jan robar ba shi ke tura dutse ba, komawarta ce. Robar da ta sha rana ta saki, ko ka ja ta har kunne, dutsen a gabanka zai faɗi. Haka idan ka ja ta ta sarƙe a jikin gwafar, ba ta dawo ba, ba harbi. Zaren raket ma haka yake: ana son mai santsi wanda zai zame ba tare da turjiya ba, mai tauri kuma wanda zai dawo nan take. Shi ya sa ɗan wasan da ke gyara zarensa da yatsu bayan kowane maki yake nuna, ba tare da ya sani ba, cewa zarensa ba ya dawowa da kansa.

Tarihin wasan ya tabbatar da hakan tun kafin kyamarori su gani. A shekarun 1970 wani Bajamushe, Werner Fischer, ya ƙirƙiro wata saƙa da aka yi wa laƙabi da taliya, inda zaren tsaye ba sa sarƙewa da na kwance, suna zamewa yadda suka ga dama. A 1977 Michael Fishbach, wanda ba a san shi sosai ba, ya kayar da Stan Smith da ita a gasar US Open. A Oktoban shekarar Ilie Năstase ya ɗauke ta ya tari Guillermo Vilas a Aix-en-Provence ta Faransa, Vilas ya bar filin ana tsakiyar wasa, nasarorinsa 53 a jere a filin jan ƙasa suka tsaya a nan. Hukumar tanis ta duniya ta haramta saƙar, ta kuma shar'anta cewa dole zaren su ratsa juna, ɗaya sama ɗaya ƙasa.

Shekara ashirin bayan haka abin ya dawo ta halastacciyar hanya. A 1997 Gustavo Kuerten na Brazil, yana na 66 a duniya, ya ci Roland Garros da zaren foliyesta na kamfanin Luxilon na Beljiyam. Zare ne mai tauri da santsi, ba ya tura ƙwallo da nisa kamar na hanjin saniya, don haka mutum zai iya sakin hannu da dukkan ƙarfinsa ƙwallon ta faɗa cikin fili. Rafael Nadal, wanda ya ci wannan gasa sau 14, an auna bugunsa na gaba an samu ƙwallon tana juyawa kusan sau 3,200 a minti, alhali Sampras da Andre Agassi ba su kai 2,000 ba.

Amma a lura, Nadal bai samo wannan juyi daga kwali ba. Yadda yake riƙe mariƙin da tafin hannu a ƙarƙashi, da yadda kan raket ɗinsa ke tasowa daga wajen gwiwa ya ƙare a saman kansa cikin gudu, su ne tushen abin. Zare da raket ƙari suke yi a kan abin da hannu ya kawo. Mai bugu a miƙe, wanda ya koyi wasa da riƙon da, ko ya ɗaura foliyesta mafi tsada ba zai motsa zaren ba balle su dawo. Abin da zai samu shi ne ciwon gwiwar hannu.

To, wanda hannunsa ya riga ya faɗa, yana neman saiti tare da juyi, me zai duba?

Faɗin kai ba ya buƙatar dogon zance. Tsakanin inci murabba'i 97 da 100 yawancin ƙwararru suka tsaya yanzu. Roger Federer ya daɗe da mai 90, ya koma mai 97 a 2014, kuma da shi ya ci Australian Open a 2017 yana dukan ƙwallo da bayan hannu fiye da yadda aka saba gani. Shafo ƙwallo daga ƙasa yana rage wurin da za ta sauka a kan zare, saboda haka ƙaramin kai yana yawan sa a buga da ƙarfen gefe.

Yawan zare ya fi wannan muhimmanci. Lambobin da ake gani a wuyan raket, 16x19 ko 18x20, adadin zaren tsaye ne da na kwance. Mai 16x19 ramukansa sun fi faɗi, zaren sun fi samun wurin zamewa, ƙwallon kuma tana fita da ɗan tashi sama, ta tsallake raga da tazara. Mai 18x20 yana fitar da ita ƙasa-ƙasa, kusan kullum a kusurwa ɗaya, kuma zarensa ya fi daɗewa. Wanda ƙwallonsa ke yawan wuce layin baya, ko mai son yankan ƙwallo da hawa raga, zai fi jin daɗin na biyun. Wanda ke tsayawa a baya yana jefa ƙwallo mai tsalle, na farkon ne nasa. Wilson Blade 98 yana zuwa a duka biyun, don haka ya dace da mai son ya gwada bambancin ba tare da wani abu ya canza ba. Pure Aero 98 da ake dangantawa da Alcaraz kuwa 16x20 ne, tsaka-tsaki.

Nauyi shi ne inda mutane suka fi yaudarar kansu. Ana ɗaga raket a shago a ji ba nauyi a ce ya yi, alhali nauyin da ke bisa sikeli daban yake da nauyin da hannu ke ji lokacin lilo. Raket biyu masu giram 305 za su iya bambanta ƙwarai, gwargwadon inda aka tara nauyin, a kai ko a mariƙi. Akwai injin da ke auna wannan nauyin lilo, kuma na kasuwa da ake yi wa ƙwararru yawanci suna faɗawa tsakanin 315 da 335 bayan an saƙa. Mai sauƙi da yawa yana karkacewa idan ƙwallo mai ƙarfi ta same shi a gefe, saiti ya lalace. Mai nauyi da yawa yana rage gudun hannu, juyi ya ragu, musamman a zagaye na uku da gajiya ta shigo. Abin nema shi ne mafi nauyin da mutum zai iya lilawa da sauri har ƙarshen wasa. Gara a sayi wanda ya ɗan gaza, domin giram uku ko huɗu na dalma a gefen kai suna gyara shi, amma mai nauyi ba a rage shi. Taurin jikin raket ma ana auna shi: ƙasa da 65 mai laushi ne, yana tausaya wa hannu, kusa da 70 kuwa mai tauri ne. Haɗa raket mai tauri da foliyesta da aka tamke ƙwarai hanya ce ta zuwa asibiti, musamman ga wanda ya haura arba'in.

Tamkewar ita ma tana da nata camfin. An gaji maganar cewa saiti yana ga ɗaure zare tamau, kilo 27 ko 28, daga zamanin hanjin saniya da nailan. Foliyesta ba ya son haka. Nadal kansa a kilo 25 ya riƙa ɗaurewa, Adrian Mannarino na Faransa kuwa ya yi suna da bugawa da zaren da bai kai rabin haka ba. Ga yawancin masu wasa, kilo 21 zuwa 24 sun isa. Wanda hannunsa ke ƙorafi zai iya bin hanyar Federer, ya haɗa biyu: hanjin saniya a tsaye, foliyesta a kwance. Inda hanjin ya yi tsada ko ba ya samuwa, zare mai laushi na roba yana tsaya masa.

Sai babban sakacin. Foliyesta yana wuyar tsinkewa, amma yana mutuwa da wuri. Bayan wasu awanni na wasa yakan saki, na kwance su ci na tsaye su yi musu gurbi, na tsayen su daina zamewa. Masu saƙa da yawa suna ba da shawarar a yanke shi bayan awa goma zuwa ashirin. A filayenmu kuwa za ka tarar da mutum ya sayi raket na dubban ɗaruruwan naira, zaren da ke kai ya zagayo shekara, yana jiran ya tsinke. Ga zafi: a Kano cikin Afrilu rana tana wuce digiri 40, raket kuma yana wuni a bayan mota. Zaren da aka gasa haka ya gama aiki tun bai shiga fili ba. Wanda zai je wasa Jos kuma, inda tudu ya sa iska ba ta da kauri, ƙwallo tana tafiya da nisa, ƙarin kilo ɗaya a ɗaurin yana taimaka masa.

Laifin ba na 'yan wasa kaɗai ba ne. Ƙungiyoyi da kulob-kulob suna samun kuɗin kofuna da rumfunan baƙi ranar gasa, amma injin saƙa mai kyau da mutum ɗaya da aka horar a kansa sai a rasa. Inda injin yake, sau tari ba a taɓa duba ko kilo 24 da yake nunawa 24 ɗin ne da gaske ba. Matashin da ke neman shiga gasar ƙasa yana iya canza raket uku yana zargin hannunsa, alhali kowace saƙa da ake masa daban take fitowa. Kuɗin injin da na'urar gwada shi ba su kai na bikin rufe gasa ɗaya ba.