FILIN MANOMA: Ka San Giyar Da Baburinka Ya Ke Ciki?

Jama'a manoma, yau filin namu zai yi magana a kan babur, gama a ƙasar Tambuwal da Kebbe babur ya zama jakin manomi. Shi ke kai taki gona, shi ke kawo buhun gero kasuwa. Da mai sayen albasa da ma'aikacin gona da ɗan kabu-kabu duk a kansa su ke. Amma kadan ka tsaya bakin hanya ran kasuwa ka kasa kunne, sai ka ji rabin baburan nan kuka su ke yi, domin masu su ba su san giyar da ta dace da kaya da hanya ba.

Kwanan baya ina komowa daga wajen Kuchi na iske wani dattijo a gindin wani kwari, baburinsa a kwance, buhun taki ɗaya ya fashe cikin ruwa. Na tambaye shi a giya ta nawa ya shiga kwarin. Ya ce wallahi bai sani ba, shi dai ya ji babur ya shaƙe a tsakiyar hawa, ya taka giya, babur ya mutu, kaya suka rinjaye shi. Da muka tā da babur muka duba, ashe a ta huɗu ya shiga, taka ɗayan da ya yi bai kai shi ko'ina ba. Allah ya kiyaye ƙafarsa, amma takin rabin gona ya bi ruwa.

MENE NE AIKIN GIYA?

Injin babur ƙarami ne, ƙarfinsa kuwa ba ya fitowa sai yana juyawa da sauri. To, giya ita ce ke raba wannan juyi tsakanin ƙarfi da gudu. A irin baburan da mu ke hawa, masu inji 100 ko 125, kadan kana giya ta ɗaya inji ya kan juya wajen sau 30 kafin tayar baya ta juya sau ɗaya. Kadan kana giya ta ƙarshe wajen sau 10 kurum ya ke juyawa. Watau ƙarfin da ke isa taya a giya ta ɗaya ya ninka na ta ƙarshe wajen sau uku, amma gudun ya ragu kamar haka.

Dubi jaki da kaya. In ya zo hawan tudu ya kan gajarta taku, ya yawaita shi. In ya fito fili sai ya miƙe ƙafa. Jaki ya kan yi wannan da kansa, babur kuwa sai ka yi masa. Ka tuna kuma buhun takin zamani kilo 50 ne. Buhu biyu kilo 100 ke nan, kusan nauyin babur ɗin kansa. Saboda haka giyar da ta ishe ka kai kaɗai a kan kwaltar Sakkwato zuwa Jega ba za ta ishe ka da kaya a hanyar gona ba.

BA DUK BABURA KE DA TSARI ƊAYA BA

Baburan Ingila na dā, irin su BSA da Triumph, giyarsu a ƙafar dama ta ke, birkin baya a hagu. Daga baya Amurka ta kafa doka cewa daga ƙirar 1975 giya ta koma hagu, yanzu kuwa kusan ko'ina haka a ke ƙera su. Amma jerin giyar har yau dabam dabam ne. Wani babur duk giyoyinsa ƙasa a ke taka su. Wani ta ɗaya ce ƙasa, sauran sama, firi yana tsakanin ta ɗaya da ta biyu. Akwai kuma waɗansu masu zagayawa, waɗanda in ka ƙara takawa bayan giyar ƙarshe sai ka koma firi, in ka sake sai ka faɗa ta ɗaya alhali kana cikin gudu. Wannan ya kā da mutane da yawa. Ƙananan baburan nan marasa kuloci a hannu, waɗanda suka samo asali daga Honda Super Cub na 1958, su ma suna da giya, sai dai kulocinsu shi ke kama kansa.

Saboda haka kadan ka ari babur, ko ka sayi sabo, kada ka ɗora masa kaya sai ka tambayi jerin giyarsa, ka gwada shi a fili.

MIYAGUN ƊABI'U BIYAR

Ta fari, tashi da giya ta biyu. Mutum ya ɗaure buhu biyu, ya ƙi sauka ta ɗaya, sai ya yi ta murɗa totur yana sakin kuloci rabi-rabi. Kuloci faya-faye ne da ke manne wa juna. Muddin ka riƙe shi rabi, gugar juna su ke yi, suna zafi, suna cinyewa. Ran da suka ƙare za ka ji inji yana ihu, babur ba ya gaba.

Ta biyu, zama a giyar ƙarshe ana tafiya sannu, wai don a rage shan mai. Tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023 wannan ɗabi'a ta yawaita, ba kuwa a ga laifin mai son tattali ba. Gaskiya ne giyar sama ta fi tsimin mai a miƙaƙƙiyar hanya. Amma in babur ya fara fizga, inji yana ƙwanƙwasa, sarƙa tana duka, to, ka buɗe totur da yawa ba gudu, man yana tafiya, inji yana wahala. Garin neman ƙiba an samo rama.

Ta uku, gangara a firi, ko a kashe inji. Kadan babur yana cikin giya ka saki totur, inji da kansa ya kan riƙe tayar baya. Kadan ka sa firi duk nauyin ya koma kan birki kaɗai. Birki kuwa in ya yi zafi, ko ruwa ya shige shi bayan ka ƙetare rafi, ba ya kamawa sosai. Man da za ka tsira da shi a gangara ɗaya bai cika cokali nawa ba, bai kai kuɗin ɗaurin karaya ba.

Ta huɗu, zubar da giya biyu ko uku gaba ɗaya ana cikin gudu, a saki kuloci farat ɗaya. Tayar baya ta kan ƙame, a kan tsakuwa ko laka sai zamewa. A fara rage gudu da birki, sa'an nan a sauko ɗaya-ɗaya, ana sakin kuloci a hankali tsakanin ko wace giya da 'yar'uwarta.

Ta biyar, tsayawa a giyar sama. Giyar babur ta fi shiga sa'ad da taya ke juyawa. Wanda ya tsaya a ta huɗu sai ka gan shi yana dukan sandar giya da diddige kamar mai kashe kunama, har ya lanƙwasa abin da ke cikin akwatin. Ka sauko tun babur yana mirginawa. In ka riga ka tsaya, ka tura shi gaba da baya kaɗan, giya za ta shiga ba gardama.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Ga babbar maganar. Giyar da wuri mai wuya ke bukata, tun kafin a shige shi a ke sa ta. Sa'ad da ka ja kuloci don ka sauya giya, ƙarfin inji ya yanke daga taya. A kwalta wannan ba kome ba ne. A tsakiyar rairayi ko hawa, da kaya a baya, wannan ɗan yankewa ya isa babur ya tsaya cik, kamar yadda ya faru ga dattijon nan.

In ka hango rairayi, sauko ta biyu tun kana kan ƙasa mai tauri, ka riƙe totur daidai, ka dubi gaba, kada ka danne birkin gaba. In laka ce ta fadamar gulbin Zamfara da damina, ta biyu ko ta ɗaya, ba fizgar totur, domin taya za ta yi ta juyawa wuri ɗaya. In kwari ne, giyar da za ka hau da ita, da ita za ka gangara. In kwana ce, ko garken shanu, ko shiga kasuwa, rage gudu, sauko, sa'an nan ka shiga.

YADDA ZA KA RIƘA SANI

Waɗansu babura suna nuna lambar giya a gaban matuƙi, amma ƙura da girgiza ba su barin fitilar ta daɗe. Abin dogara shi ne ƙidaya da kunne. Ka yi mako ɗaya kana faɗa a zuciyarka duk sa'ad da ka taka: ɗaya, biyu, uku, huɗu, haka kuma in kana saukowa. Ka saurari inji. In yana ihu babur ba ya ƙara gudu, ƙara giya. In ya yi gurnani yana fizga, rage. In ka rikice, kada ka yi ta takawa da ka. Rage gudu sosai tukuna, ka sauko har ƙasa, ka soma ƙidaya sabuwa.

Kadan giya tana yi maka taurin kai, duba abu uku kafin ka zargi inji: wayar kuloci, sarƙa, da baƙin mai, gama a cikin man nan giya da kuloci ke wanka. In ya tsinke ko ya yi ƙasa, sauya shi.

Iyaye kuma, yaran da ku ke aike gona da babur, ku zauna bayansu rana ɗaya ku riƙa tambayarsu, "Yanzu kana ta nawa?" Wanda bai iya ba da amsa nan take ba bai isa a ɗora masa buhu ba tukuna.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa.